Daga teburin gwaji zuwa kwalin kaya: yadda yanki zai gina masana'antar fasahar haske

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin binciken leza ya san teburin nan. Ƙarfe ne mai nauyin gaske, samansa cike da ramukan kusoshi a jere, ƙafafunsa kuma suna zaune a kan matashin iska don kada takun mai wucewa ya girgiza shi. An kakkafa masa madubai da gilasai kusan talatin, kowanne da ɗan abin murɗawarsa, kuma wani ɗalibin digiri na uku ya kwashe wata shida yana daidaita su har haske ya bi hanyar da ake so. Na'urar tana aiki, an auna, an rubuta maƙala, mujalla ta buga. To, bari na'urar sanyaya ɗaki ta lalace na kwana biyu, ko ɗalibin ya tafi hutu, ka sha kallo. Abin da ke kan teburin nan ilimi ne. Kaya kuwa shi ne wanda za a sa a kwali, ya sha jijjiga a mota da jirgi, mutumin da bai taɓa ganinka ba ya buɗe, ya jona masa wuta ya tashi, kuma bayan shekara biyar yana nan yana aiki. Cike tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne kusan dukan aikin da ke gaban yankin da ke son ya ci moriyar bincikensa.

Fasahar haske, wadda masana ke kira fotoniks, ta ƙunshi duk wata dabarar samar da haske, da sarrafa shi, da aika shi, da gano shi: lezar da ke yanka ƙarfe, zaren gilashin da ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku, ƙwan LED, idon kyamarar waya, na'urar da likita ke leƙa bayan ƙwayar ido da ita. Wannan jagora ta shafi shugaban jami'a, da jami'in da ke kula da masana'antu, da mai binciken da ya gaji da ganin aikinsa yana kwana a kabad, da ɗan kasuwar da ke neman inda zai sa kuɗinsa.

Mataki na farko: ku ƙirga abin da ke hannu

Kafin a yi zancen gini ko sunan da za a laƙaba wa yankin, a zauna a rubuta abin da ake da shi. Su wa ke bincike kan haske, kuma a wane reshe? Waɗanne injina ne ke jami'o'i da cibiyoyi, nawa ne ke aiki, nawa ne aka lulluɓe da leda? Akwai mai iya goge gilashi, ko mai iya feshin siririn rufin da ke hana lensi mayar da haske, ko mai sassaƙa ƙarfe daidai da awo? Waɗanne masana'antu ne a kusa suke sayen kayan haske daga waje, kuma me suke saye?

Wannan lissafi yakan ba mutane kunya, shi ya sa ake tsallake shi. Amma wuraren da suka yi suna a wannan fanni duk a kan abin da suka tarar suka ɗora. A Jena ta Jamus, Carl Zeiss ya buɗe ɗan shagonsa a 1846 yana ƙera madubin ganin ƙwayoyin halitta ta hanyar gwada wannan, gwada wancan. A 1866 ya jawo malamin jami'ar garin, Ernst Abbe, wanda ya mayar da aikin lissafi. Da lissafin ya nuna cewa gilashin da ake samu a kasuwa ba zai biya buƙata ba, sai suka haɗa kai da masanin sinadarai Otto Schott, aka kafa wurin narka gilashi a 1884. Maƙeri, da malami, da mai haɗa kayan aiki, a gari ɗaya. A Rochester ta Amurka kuwa kamfanonin ne suka riga makarantar: Bausch & Lomb da Kodak suna nan tuni, su ne suka tallafa aka buɗe cibiyar koyar da kimiyyar haske a jami'ar garin a 1929, saboda suna buƙatar ma'aikata.

Idan lissafinku ya nuna malamai uku ne kawai da injin aune-aune guda, ba laifi ba ne. Da hakan za a fara, muddin ba a yaudari kai ba.

Mataki na biyu: ku zaɓi lungu ɗaya

Fotoniks fage ne mai faɗi, kuma kuskuren da kwamitoci suka fi yi shi ne su rubuta duka rassansa a takardar shiri don kada ran wani farfesa ya ɓaci. Sadarwa, lafiya, noma, tsaro, makamashi, kowa a ba shi kaso. Ƙarshenta kuɗin ya watse kamar an zuba ruwa a rairayi.

Dubi Lituweniya. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, amma masu binciken jami'ar Vilnius sun daɗe suna aiki a kan leza mai gajeren walƙiya ƙwarai, irin wadda ake auna tsawon ƙyaftawarta da ɗigon ɗigon daƙiƙa. Daga wannan ƙwarewa kamfanin Ekspla ya fito a 1992, Light Conversion kuma a 1994, suka fara da sayar wa ɗakunan bincike na duniya kafin su shiga masana'antu. Ba su ce za su yi gogayya da kowa a kan komai ba. A Holan ma an raba aiki ne: Eindhoven ta riƙe guntayen haske (wato ƙananan guntaye irin na cikin kwamfuta, amma haske ke bi ta cikinsu) na sinadarin indiyam fosfaid, wanda ke iya fitar da haske da kansa, yankin Twente kuma ya riƙe silikon naitiraid, wanda haske ke tafiya cikinsa ba tare da asara mai yawa ba.

Lungun da ya cancanta yana da alamomi uku. Kuna da mutanen da takwarorinsu na wasu ƙasashe suka san su da shi. Akwai mai saye da za ku iya kiran sunansa. Sannan ba fanni ba ne da arha kaɗai ke ci, domin idan gasar ta koma ta wa ya fi fitar da miliyoyi a farashi mafi ƙasa, manyan masana'antun da suka riga ku za su murƙushe ku. Sabon shiga ya fi samun sarari inda ake sayen ɗaruruwa ko dubbai, kowanne da tsada, kuma mai saye yana buƙatar a saurare shi.

Mataki na uku: ku nemo mai saye tun kafin ku gama ƙira

Da Theodore Maiman ya kunna lezar farko ranar 16 ga Mayu 1960, an yi ta zolayarta cewa magani ce mai neman cuta. Sai a 1974 aka fara karanta lambar kaya da ita a kanti, faifan CD kuma ya shigo kasuwa a 1982. Zaren gilashi ma haka: Charles Kao da George Hockham sun nuna a 1966 cewa datti ne cikin gilashi ke cinye haske, kamfanin Corning ya samar da zaren da ya tsallake ma'aunin da ake nema a 1970, amma sai 1988 aka shimfiɗa irinsa a ƙarƙashin tekun Atilantika. Duniya tana iya jiran shekara ashirin. Ƙaramin kamfani mai albashin ma'aikata a wuyansa ba zai iya ba.

Saboda haka ku tura masu binciken su fita. Kowace ƙungiya ta zauna da mutum ashirin ko talatin da ake zaton za su yi amfani da abin, kuma kada su tafi da hotunan na'urarsu. Tambayoyi za su kai. Yaya kuke yin wannan aikin yanzu? Nawa yake ci muku? Me ke ɓata muku lokaci? Wa ke sa hannu a takardar saye? Mai bincike zai so ya ji an ce na'urarsa ta fi kowace kaifin gani. Abin da yakan ji shi ne, "Wanda muke da shi ya ishe mu wajen gani, matsalarmu ita ce kowane mako sai an sake daidaita shi." Wannan amsar ta fi maƙala goma daraja, domin ta faɗa maka abin da za a biya kuɗi a kansa.

"Abin ya burge mu" ba ciniki ba ne. Alamar gaskiya ita ce mutum ya yarda ya ba ka samfurin kayansa ka auna, ko ya bar na'urarka ta kwana a masana'antarsa wata uku, ko ya biya wani ɓangare na kuɗin gwaji. Idan an kai nan, a rubuta takardar sharuɗɗa: tsawon zangon hasken, ƙarfinsa, girman akwatin, zafin da zai jure, da farashin da mai saye zai iya ɗauka. Daga ranar, ita ce alƙali tsakanin injiniyoyi.

Babban mai saye guda ɗaya yana iya ɗaga gari. ASML, kamfanin da ke ƙera injinan buga guntayen kwamfuta, ya fara ne a 1984 a wata rumfa kusa da ginin Philips a Eindhoven, yau kuma ɗaruruwan ƙananan kamfanoni ke ci daga kwangilolinsa. Madubansa Zeiss ke yi, har ASML ya sayi kashi 24.9 cikin ɗari na reshen Zeiss mai wannan aikin a kan yuro biliyan 1, yarjejeniyar da aka sanar a 2016. Inda babu irin wannan giwa, hukuma tana iya zama mai sayen farko. Shirin SBIR da Amurka ta kafa a 1982 haka yake aiki: ma'aikata ta bayyana matsalarta, ta ba ƙaramin kamfani ɗan kuɗi ya nuna dabarar za ta yiwu, in ya nuna a ƙara masa ya ƙera samfuri, ba tare da an karɓi hannun jarinsa ba.

Mataki na huɗu: ku warware batun mallaka tun ana shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da mai zuba jari ya zauna da lauyansa ya tambaya, "Wa ya mallaki wannan ƙirƙira?", bai kamata a fara duban juna ba.

Abu na farko da kowane ɗalibi da malami ya kamata ya haddace: a shigar da takardar neman mallakar ƙirƙira kafin a bayyana ta. A Turai, idan ka riga ka buga maƙala, ko ka rataye allo a taron masana, ko kundin digirinka ya shiga laburare, ƙirƙirar ta daina zama sabuwa a idon doka, ka rasa ta. Amurka tana ba mai ƙirƙira sararin shekara ɗaya bayan ya bayyana, amma wanda ya dogara da wannan ya yafe wasu manyan kasuwanni ke nan. Bayan shigarwar farko kana da wata 12 ka nemi kariya a waje, kuma ta hanyar PCT, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan neman mallakar ƙirƙira, kana iya jinkirta zaɓen ƙasashe har kusan wata 30 daga ranar farko. Wannan jinkiri shi ne lokacin neman mai saye, domin daga nan ne kuɗin fassara da na lauyoyin kowace ƙasa ke hauhawa. Kariyar kanta shekara 20 ce daga ranar shigarwa.

Ba komai ake kai wa rajista ba. Takardar mallaka tana tona asirin yadda abu ke aiki. Ƙirar da abokin hamayya zai gane da zarar ya kwance na'urarka, ita ce ta cancanci rajista. Amma yadda kuke gasa manne, ko jerin matakan goge gilashi, waɗanda ba a ganinsu a jikin kaya, sau da yawa gara a riƙe su a matsayin sirrin sana'a.

Sai rabon amfani. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bai wa jami'o'in Amurka damar mallakar abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin tarayya, da sharaɗin a ba mai ƙirƙira kasonsa. Jami'ar Stanford, wadda ta buɗe ofishin ba da lasisi a 1970, ta daɗe tana cire kashi 15 cikin ɗari don gudanar da ofishin, sauran a raba uku tsakanin mai ƙirƙira da sashensa da tsangayarsa. Ba dole ku kwafi wannan ba, amma dole a sami ƙa'ida rubutacciya da kowa ya sani. Labarin Shuji Nakamura ya isa darasi: shi ya fito da LED mai launin shuɗi a kamfanin Nichia na Japan a 1993, ladan da aka ba shi yen 20,000 ne, maganar ta kai kotu, aka sasanta a 2005 a kan yen miliyan 840, alhali shi ya riga ya koma Amurka.

Ra'ayina a nan a fili yake: jami'ar da ta nace sai ta riƙe rabin sabon kamfani tana kashe shi ne tun yana cikin zani. Masu zuba jari suna duba abin da ya rage wa waɗanda za su yi wahalar shekara goma, in ya yi kaɗan sai su juya. A Birtaniya an yi bitar wannan matsala a 2023, kuma shawarar da ta fito ita ce jami'o'i su sassauta kasonsu. Ofishin lasisi a auna shi da yawan yarjejeniyoyin da ya kammala da saurin kammala su. In aka ɗora masa nauyin cike giɓin kasafin jami'a, zai zama shingen hanya.

Mataki na biyar: kayan aiki na tarayya, amma a bi a hankali

Babu ƙaramin kamfanin da zai iya sayen injin feshin rufi, da na'urar auna lanƙwasar gilashi, da tsaftataccen ɗaki shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka yanki yana buƙatar wuri guda da kowa zai shiga ya biya kuɗin awa.

Sai dai a nan ne aka fi binne kuɗi. Tsaftataccen ɗaki ba gini ba ne da za a yanke masa kyalle a tafi. A ma'aunin ISO 14644, ɗaki mai aji na 7 ba a yarda ƙwayoyin ƙurar da suka kai rabin maikiron (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) su wuce 352,000 a cikin iskar da ta cika mita ɗaya a tsayi da faɗi da zurfi ba, aji na 5 kuwa 3,520 ne kacal. Riƙe wannan yana nufin matatun iska suna aiki dare da rana, da wuta marar yankewa, da ruwa tatacce, da iskar gas, da kwangilar gyaran injina, da mutumin da aikinsa ke nan kullum. Duk kasafin da ya kawo kuɗin sayen injin bai kawo na riƙe shi shekara goma ba, a mayar da shi.

Kuma kada ku yi gaggawar gina masana'antar buga guntayen haske. Akwai hanyar da ta fi sauƙi: wuraren bugawa kamar imec a Beljiyam, da SMART Photonics a Holan, da AIM Photonics a jihar Niyok, suna haɗa zanen mutane da yawa a kan faifan silikon ko indiyam guda, kowa ya biya kuɗin ɗan filin da ya ci. Ka aika zane, bayan wasu watanni guntayenka su zo. Dubi abin da masu irin waɗannan wurare suka kashe: an ƙaddamar da AIM Photonics a 2015 da alƙawarin sama da dala miliyan 600, shirin PhotonDelta na Holan kuma ya tara yuro biliyan 1.1 a 2022. Sabon yanki ya fi cin riba idan ya ƙware a zane, da aune-aune, da harhaɗawa, ya bar bugawa ga masu ita.

Wajen gudanar da cibiyar, tsarin Fraunhofer, ƙungiyar cibiyoyin bincike ta Jamus, abin koyi ne: kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta daga hukuma yake zuwa kai tsaye, sauran sai ta nemo ta hanyar kwangiloli. Hakan na tilasta mata sauraron masana'antu, ba tare da ta rasa abin yin bincike mai dogon zango ba. A kuma tabbatar ɗan kamfani zai iya kama lokacin injin cikin mako guda, ba sai ya bi ta ofishin shugaban sashe da takardar roƙo ba.

Mataki na shida: harhaɗawa, rufewa da gwajin juriya

Nan ne inda yawancin ƙirƙire-ƙirƙire ke mutuwa, kuma nan ne aka fi raina wa kasafi.

Zaren gilashin sadarwa kaurinsa maikiron 125 ne, amma cibiyar da haske ke bi a tsakiyarsa kusan maikiron 9 ce, wato gashin kai ya ninka ta sau da yawa. Hanyar hasken da ke kan guntun silikon kuwa faɗinta bai wuce rabin maikiron ba. Aikin shi ne a sa waɗannan biyu su kalli juna, su zauna a haka har abada. Ma'aikaciya tana zaune gaban madubin ƙara girma, hannunta a kan abin murɗawa, idonta a kan allon da ke nuna ƙarfin hasken da ke ratsawa. Ta matsa kaɗan, lamba ta hau. Ta ƙara, ta sauka. Ta dawo, ta sami ƙololuwa. Sai ta ɗiga manne, ta haska masa fitilar da ke busar da shi. Yana bushewa yana tsukewa, ya ja zaren gefe da maikiron ɗaya, lambar da ta sha wahala a kanta ta zube tana kallo. Wanda ya ƙware ya san mannen nan, ya san inda zai ja, sai ya ajiye zaren ɗan gefe tun farko don tsukewar ta kawo shi daidai. Ba a samun wannan a maƙala. A hannu yake zama.

Shi ya sa a kayan guntayen haske kuɗin harhaɗawa da gwaji yakan zarce na guntun kansa, kuma shi ya sa cibiyar Tyndall da ke Cork a Ayalan ta mayar da wannan aikin sana'arta. Matakin da za ku ɗauka shi ne ku sa mai harhaɗawa a teburin zane tun ranar farko. Shi zai ce a bar tazara kaza tsakanin mashigan haske, a kai wayoyin lantarki wancan gefen, a tanadi hanyar fitar zafi, domin leza tana sauya launin haskenta idan ta ɗumama.

Bayan an rufe, sai azaba. Masu sayen kayan sadarwa sukan nemi a bi ma'aunin Telcordia GR-468: a riƙa jujjuya na'ura tsakanin sanyin digiri 40 ƙasa da sifili da zafin digiri 85, a ajiye ta cikin zafin 85 da laimar kashi 85 cikin ɗari na ɗaruruwan awoyi, a girgiza ta, a buga ta. Wannan gwaji watanni yake ci kuma ba ya gajartuwa don kana sauri. Ku ƙera guda ashirin ko hamsin, ba ɗaya ba, ku rubuta nawa suka fita lafiya daga layin haɗawa. Idan cikin goma huɗu ne ke aiki, farashin kowanne ya ninka fiye da biyu, kuma duk lissafin ribar da aka nuna wa masu jari ya rushe.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ce ta fito da ma'aunin nunar fasaha mai hawa 9, wanda yanzu ake amfani da shi ko'ina. Jami'a takan tsaya a hawa na 3 ko na 4, kamfani kuma ba ya son karɓa sai a na 7. Duk abin da aka faɗa a wannan mataki, aikin hawa na 4 zuwa na 7 ne.

Mataki na bakwai: masu aikin hannu

Yanki yana iya tara masu digiri na uku ya rasa mai iya riƙe lensi ba tare da ya bar sawun yatsa ba. Kowane mai zane yana buƙatar mutane da dama a bayansa: mai goge gilashi, mai feshin rufi, mai haɗa zare, mai karanta zanen ISO 10110 ya gane irin karcen da aka yarda da shi da wanda ba a yarda ba. A Rochester, kwalejin Monroe tana horar da irin waɗannan a shirin shekara biyu. Ku haɗa kai da kwalejin fasaha mafi kusa, kamfanoni su sa baki a manhaja, ɗalibai su yi rabin lokacinsu a wurin aiki.

Tarihi ya nuna inda dukiyar take. A 1945 sojojin Amurka suka kwashe sama da mutum ɗari daga manyan ma'aikatan Zeiss da Schott zuwa yammacin Jamus, su ne suka tayar da sabon Zeiss a Oberkochen. A 1946 Tarayyar Sobiyat ta kwance injinan Jena ta tafi da su. Duk da haka waɗanda suka rage suka sake tayar da masana'antar. Kodak, wanda ya taɓa ɗaukar sama da mutum 60,000 a Rochester a farkon shekarun 1980, ya nemi kariyar fatara a 2012, amma ƙananan kamfanonin haske da tsofaffin ma'aikatansa suka kafa ko suka shiga suna nan. Faɗuwar wani tashin wani, idan hannayen ba su bar gari ba.

Mataki na takwas: kowane kuɗi da lokacinsa

Da farko a yanke shawara: lasisi ko sabon kamfani? Idan ƙirƙirar gyara ce ga kayan da wani ke sayarwa tuni, a ba shi lasisi, a sa masa wa'adin da in bai yi amfani da ita ba za ta dawo. Idan kuwa za ta iya haifar da kaya iri-iri, kuma akwai wanda ya yarda ya bar kujerarsa ya bi ta, a kafa kamfani. Farfesa ba dole ne ya zama shugaba ba. Sau da yawa tsohon ɗalibinsa, tare da wani da ya taɓa sayar da kayan masana'antu, sun fi dacewa.

Ƙaramin tallafin da ba a biya shi ne na samfurin farko. Kuɗin mai saye shi ne na biyu, kuma ya fi kowanne albarka, domin yana zuwa da gyara. Masu jarin kasada sai daga baya, kuma a zaɓi waɗanda suka san cewa kayan ƙarfe da gilashi ba manhajar waya ba ce: kowane zagayen gyara watanni ne, ba kwanaki ba. Kamfanoni da yawa a wannan fanni sun rayu ne da aikin kwangila da sayar wa ɗakunan bincike har babban kayansu ya nuna, kuma babu abin kunya a ciki.

Mataki na tara: dokoki da hanyar kaya

A taƙaice, amma kada a manta. Duk na'ura mai leza sai an sa ta a ajinta na haɗari bisa IEC 60825. Kayan asibiti suna buƙatar tsarin inganci irin na ISO 13485 da amincewar hukuma, wanda ke iya ƙara shekaru. Wasu lezoji da kyamarorin ganin zafi suna cikin jerin kayan da ake taƙaita fitar da su ƙarƙashin tsarin Wassenaar na 1996, don haka a duba kafin a yi wa baƙo alƙawari. Sannan a san inda ɗanyen kaya ke fitowa: da Sin ta sa takunkumin lasisi a kan fitar da galiyam da jamaniyam a 2023, masu yin lensin ganin zafi sun ji a jikinsu.

Mataki na goma: ƙungiya, da abin da za a riƙa aunawa

A kafa ƙaramar ƙungiya da kamfanoni ke jagoranta, mai ma'aikaci ɗaya ko biyu waɗanda suka san kowa. Aikinsu shi ne su san wa ke da injin da ke zaune, wa ke neman mai gogewa, wa ya sami kwangilar da ta fi ƙarfinsa. Su kama rumfa guda a manyan baje-kolin fannin, irin Photonics West a San Francisco ko Laser World of Photonics a Munich, ƙananan kamfanoni biyar ko shida su raba kuɗin.

Wajen auna ci gaba, yawan takardun mallaka da yawan tarurruka ba sa faɗin komai. A ƙirga kuɗin da ya shigo daga masu saye na wajen yankin, da awoyin da kamfanoni suka biya a cibiyar tarayya, da kwanakin da yarjejeniyar lasisi ke ɗauka, da ɗaliban da suka sami aiki ba tare da sun yi ƙaura ba, da kamfanonin da suka wuce shekara biyar.

A kuma duba ko kowa a kan kasuwa ɗaya ya jingina. A ƙarshen shekarun 1990 kuɗi ya yi ta kwarara cikin kayan sadarwar zaren gilashi, sai kasuwar ta fashe a 2001, JDS Uniphase ya bayyana asarar sama da dala biliyan 50 a shekara guda, dubban ma'aikata suka rasa aiki a Ottawa da sauran wurare. Lungu ɗaya na fasaha aka ce ku zaɓa, ba mai saye iri ɗaya ba. Lezar da ke aiki a sadarwa tana iya auna iskar gas ko ta shiga na'urar asibiti, don haka a kowace bitar shekara a tambayi kowane kamfani kashi nawa na cinikinsa ke fitowa daga babban mai sayensa, in ya haura rabi, neman na biyu ya zama aikin farko na shekara mai zuwa.